Petro Grigorenko: Janar Ɗin da Aka Liƙa wa Hauka

'Yan uwana ɗalibai masu nazarin harshe, a wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo muku tarihin wani mutum wanda ba mawaƙi ba ne, ba kuma masanin nahawu ba. Soja ne, mutumin ƙasar Yukren, wanda ya kai muƙamin manjo-janar a rundunar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne irin makamin da aka yaƙe shi da shi, domin kuwa makamin kalmomi ne. Mun saba jin cewa idan gwamnati ta so rufe bakin mutum takan kai shi kotu, ko ta kore shi daga ƙasa, ko ma ta halaka shi. Amma akwai wata hanya da ta fi waɗannan sauƙi ga mai mulki, wato a kira likita ya duba mutumin, ya rubuta a takarda cewa yana da taɓin hankali. Daga ranar nan duk abin da ya faɗa ya zama surutun mara lafiya, babu wanda ya wajaba ya ba shi amsa. An bi da masana kimiyya ta wannan hanya, an bi da masu addini, an bi da ma'aikatan da suka yi kuka a kan haɗarin da ke wuraren aikinsu. Cikinsu duka, babu wanda labarinsa ya fito da sirrin dabarar a fili kamar Petro Grigorenko.

Haihuwarsa da aikin soja

An haifi Grigorenko a watan Oktoba na 1907 a ƙauyen Borisobka da ke kudancin Yukren, a gidan manoma. Yana ɗan shekara 10 aka yi juyin juya halin 1917, saboda haka ya tashi da ƙaunar sabon tsarin har cikin zuciyarsa. Ya shiga ƙungiyar matasan Kwaminis tun yana yaro, ya zama ɗan jam'iyya a 1927, ya karanci aikin injiniya a birnin Kharkib, daga nan aka ɗauke shi zuwa makarantar injiniyoyin soja, inda ya gama a 1934. Kada mai karatu ya ɗauka tun farko ɗan adawa ne. A waɗannan shekaru har da hannunsa a rusa coci-coci uku da nakiya bisa umarnin hukuma, abin da ya zo ya yi nadamarsa a littafin tarihin rayuwarsa.

Ya halarci faɗan da aka yi da Japan a Khalkhin Gol cikin 1939, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka ji masa mummunan rauni a ƙafa. Bayan yaƙi ya koyar a Kwalejin Soja ta Frunze da ke Mosko har tsawon shekara 16, ya shugabanci sashen da ke nazarin amfani da na'urori masu ƙwaƙwalwa wajen sarrafa runduna, aka ba shi muƙamin manjo-janar a 1959. A taƙaice, mutum ne da ya samu duk abin da ƙasar ke ba 'ya'yanta na gaban goshi: gida, albashi mai tsoka, da girma.

Ranar 7 ga Satumba, 1961, a wani taron jam'iyya na gundumar Lenin a Mosko, ya miƙe ya yi magana ta 'yan mintoci. Ya ja kunnen cewa yadda aka bauta wa Stalin, ana neman a sake yin haka ga Khrushchev. Ya nemi a riƙa yin zaɓe na gaskiya, a riƙa sauya shugabanni, a kuma rage albashi da gatan da manya ke wa kansu. A ranar aka ƙwace masa katin wakilci. Ba da jimawa ba aka raba shi da koyarwa, aka tura shi can gabas mai nisa, garin Ussuriysk, kusa da iyakar Sin. A 1963 ya kafa wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta ɓoye mai neman a koma ga koyarwar Lenin ta asali, wadda akasarin mambobinta 'ya'yansa ne da abokansu. Suka riƙa raba takardu a kan ƙarancin abinci da kuma harbin ma'aikata masu zanga-zanga da aka yi a Nobocherkask a 1962. A farkon Fabrairu na 1964 jami'an KGB suka kama shi.

Yadda aka mai da shi mara lafiya

A nan ne hukuma ta shiga tsaka mai wuya. Idan aka gurfanar da janar mai lambobin yabo a gaban kotu, dole a karanta abin da ya rubuta, dole kuma a bar shi ya kare kansa, alhali duk hujjojinsa daga littattafan Lenin ya ciro su. Sai aka kai shi Cibiyar Serbsky a Mosko, wadda ita ce ke gwajin ƙwaƙwalwar waɗanda ake tuhuma da laifi. A watan Afrilu na 1964 wani kwamitin likitoci, wanda ya haɗa da Andrei Snezhnevsky da Daniil Lunts, ya yanke cewa yana fama da wata cuta ta yawan zargi wadda ta haɗu da ruɗanin son kawo gyara a ƙasa, saboda haka ba ya da alhakin abin da ya aikata.

Ina so mu ɗan tsaya a kan wannan hukunci, don a nan darasin harshe yake. Dokar Sobiyet tana da kalmar da ake kiran wanda ba a kama shi da laifi saboda rashin hankali, wato nebmenyayemi. Mu ma a Hausa muna da makamancin haka, inda mukan ce an ɗauke wa mahaukaci alƙalami. Asalin wannan magana jinƙai ce, ana nufin kada a hukunta wanda bai san abin da yake yi ba. To amma duba yadda take juyewa idan ta faɗa hannun azzalumi. Wanda aka ɗauke wa alƙalami ba a kawo shi zauren shari'a, ba a jin ta bakinsa, ba a karɓar shaidarsa. Ɗan kurkuku ya san adadin shekarun da aka yanke masa, yana ƙirga su. Shi kuwa wanda aka tura jinyar dole ba ya da wa'adi, sai ranar da likitoci suka ce ya warke. Alamar warkewar kuma ita ce ya yarda cewa ra'ayinsa na da cuta ne. Idan ya ƙi, wannan ƙin nasa shi ne shaidar cewa ciwon yana nan. Ko ta ina ya juya, takardar likita ce ke da gaskiya.

Shi Snezhnevsky ɗin nan shi ne jagoran likitocin ƙwaƙwalwa na Mosko, kuma makarantarsa ce ta faɗaɗa ma'anar cutar sikizofireniya har ta samar da wani nau'i nata mai tafiyar hawainiya. A cewarsu, mai wannan nau'i ba ya jin muryoyi, ba ya gane-gane, yana zuwa aiki, yana riƙe iyalinsa, amma duk da haka mara lafiya ne. To da me za a gane shi? Da naci a kan gaskiya, da yawan rubuta ƙorafi ga hukuma, da taurin kai a kan aƙida, da kasa daidaita kansa da al'umma. Mai karatu ya lura, kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da suna biyu. Abin da wani zai kira riƙon amana, wani ya kira shi taurin kai. Abin da wani zai kira kishin jama'a, wani ya kira shi ruɗani. Halin mutumin bai canja ba, suna kawai aka canja masa, kuma wanda ke da hatimi shi ke zaɓen sunan. A ganina ba dukkan likitocin nan ne suka san ƙarya suke yi ba. Wasunsu sun tashi a ƙasar da aka koya musu cewa tsarinta ya fi na kowa, don haka da zuciya ɗaya suke ganin babu mai hankalin da zai zubar da muƙamin janar saboda 'yan takardu. Wannan ya fi ƙaryar ban tsoro.

Aka kai Grigorenko asibitin mahaukata na musamman a Leningrad, aka rage masa girma daga janar zuwa farabiti, aka hana shi fanshon da ya cancanta. Da aka tumɓuke Khrushchev a Oktoba na 1964, sai ga shi ciwon ya yi sauƙi, aka sallame shi a Afrilu na 1965. Mutumin da ya koyar da manyan hafsoshi ya koma yin gadi da dako don ya ci da iyalinsa, ga rauni a ƙafa, ga shekaru sun kusa 60.

Shi da Tatar na Kirimiya

A wannan lokaci ne ya ƙulla abota da wani tsohon marubuci, Aleksei Kosterin, wanda ya sha ɗauri a zamanin Stalin. Shi ne ya buɗe masa ido a kan halin da al'ummar Tatar ta Kirimiya ke ciki. Su waɗannan mutane Musulmi ne, kuma a watan Mayu na 1944, cikin kwana uku, Stalin ya sa aka kwashe su kaf, kimanin mutum 190,000, aka zuba su a taragon jirgin ƙasa zuwa Uzbekistan da wasu yankuna, bisa zargin sun haɗa kai da Jamus. Dubban su suka mutu saboda yunwa da cuta. A 1967 gwamnati ta fitar da doka ta wanke su daga zargin, amma ba ta buɗe musu hanyar komawa gida ba.

A watan Maris na 1968 Tatar mazauna Mosko suka shirya walimar cikar Kosterin shekara 72. Shi bai samu zuwa ba saboda rashin lafiya, sai Grigorenko ya yi magana a madadinsa. Ya shaida musu cewa abin da aka yi musu kisan ƙare dangi ne, kuma su daina roƙo, domin roƙo na mai neman alfarma ne, su kuwa haƙƙinsu suke nema, wanda tsarin mulkin ƙasa ya ba su. Jawabin ya bazu hannu da hannu a cikin al'ummar. A shekarar ce kuma ya fito ya yi tir da mamayar da sojojin Sobiyet suka yi wa Cekoslobakiya.

A 1969 za a yi wa wasu jagororin Tatar 10 shari'a a Tashkent, jama'arsu suka roƙe shi ya zo ya tsaya musu. Ya tafi, aka kama shi a can ranar 7 ga Mayu. Ya shiga yajin cin abinci, aka riƙa ɗura masa da ƙarfi tare da duka. Sa'annan aka kira likitocin Tashkent su gwada shi, kuma a nan ne wani abin da hukuma ba ta zata ba ya faru. Kwamitin, ƙarƙashin Farfesa Fyodor Detengof, ya zauna da shi a watan Agusta, ya rubuta cewa lafiyarsa lau, babu alamar taɓin hankali a tare da shi, kuma ba ya bukatar a kwantar da shi. Me aka yi? Aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa Cibiyar Serbsky, inda a watan Nuwamba wani kwamiti mai ɗauke da Georgi Morozov, shugaban cibiyar, da Lunts ɗin nan dai, ya maimaita hukuncin 1964. Mutum ɗaya, takardu biyu masu karo da juna, tsakaninsu wata uku. A Fabrairu na 1970 kotu ta zauna a Tashkent ba tare da an kawo shi ba. Lauyarsa, Sofiya Kallistratova, ta yi iya ƙoƙarinta ta nuna wa kotu wannan saɓani, amma alƙali ya ɗauki takardar Mosko.

Aka kai shi asibitin musamman na Chernyakhobsk, a yankin Kaliningrad, wanda ginin tsohon kurkuku ne tun zamanin da garin ke hannun Jamus. Irin waɗannan asibitoci a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida suke, ba ta lafiya ba, kuma masu kula da majinyata fursunoni ne masu manyan laifuka. An sha yi wa waɗanda aka tsare a cikinsu allurar sulfazin, mai kawo zazzaɓi mai zafi da raɗaɗi, a matsayin horo. Shi Grigorenko an hana shi takarda da abin rubutu. Duk lokacin da kwamiti ya zo duba shi tambayar ɗaya ce, ko ya canja ra'ayi, shi kuma amsarsa ba ta canja ba. Ya yi sama da shekara uku a wurin.

Wasu da aka bi da su ta hanyar

Yana can a tsare, a ƙarshen Mayu na 1970, aka je gidan wani masanin ilmin halittu mai suna Zhores Medvedev a Obninsk, aka tafi da shi asibitin mahaukata na Kaluga. Laifinsa shi ne littafin da ya rubuta a kan Lysenko, mutumin da ya lalata ilmin gado da aikin noma a ƙasar. Cikin alamomin cutar da likitoci suka gano a jikinsa har da cewa yana aikin kimiyya kuma yana rubutu a kan al'amuran jama'a, wai hankalinsa ya rabu biyu ke nan. Da wannan ma'auni, ban san malami nawa za su rage a jami'o'inmu ba. Shi ya yi sa'a, domin Sakharov da Solzhenitsyn da wasu manyan masana sun tayar da ƙura, aka sake shi bayan kwana 19.

Na kawo Medvedev ne saboda abin da ya biyo baya ya shafi muhalli kai tsaye. A 1976, yana zaune a Landan bayan an ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa, ya bayyana wa duniya cewa wata ma'ajiyar sharar nukiliya ta fashe a yankin tsaunukan Ural, ta gurɓata ƙasa mai faɗi, aka tashi ƙauyuka. Wannan shi ne bala'in Kyshtym na Satumba 1957, wanda ya sa aka kwashe mutum sama da 10,000. Shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Ingila na lokacin, John Hill, ya ce zancen banza ne. Sai a 1989 gwamnatin Sobiyet ta amsa cewa haka abin ya faru. Da a ce an yi nasarar liƙa wa Medvedev takardar hauka a 1970, wa zai saurare shi a 1976? Haka kuma Aleksei Nikitin, injiniya a wata mahaƙar kwal ta Donetsk, ya yi ta gargaɗi a kan rashin kariya ga ma'aikata, aka kore shi. A ƙarshen 1971 ramin ya fashe, mutane suka mutu. Maimakon a nemi shawararsa, sai aka kulle shi shekara da shekaru a asibitin musamman na Dnipropetrobsk. Likitan da ya duba shi daga baya ya ce lafiyarsa ƙalau, Anatoly Koryagin, shi ma ɗauri ya sha a 1981.

Batun Grigorenko ma ya ci wasu. Wani matashin likita a Kiyeb, Semyon Gluzman, ya bi takardun Serbsky layi-layi ya nuna cewa ba su da tushe a ilmin likitanci, aka yanke masa shekara 7 a sansanin gwale-gwale da 3 na gudun hijirar dole. Vladimir Bukovsky kuwa ya fitar da shafi kusan 150 na irin waɗannan takardu zuwa ƙasashen Yamma a 1971, ciki har da na Grigorenko, aka ba shi shekara 12. Waɗannan takardu ne suka sa Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Duniya ta la'anci abin da ake yi a taronta na Honolulu a 1977. A 1983 likitocin Sobiyet suka fice daga ƙungiyar don gudun kora, ba su dawo ba sai a 1989, bayan sun amsa cewa an yi amfani da sana'arsu don siyasa.

Ƙarshen rayuwarsa

An saki Grigorenko ranar 26 ga Yuni, 1974, ana gobe shugaban Amurka Richard Nixon zai sauka a Mosko. Karo na biyu ke nan da warkewarsa ta zo daidai da bukatar siyasa. Bai yi shiru ba. A 1976 yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Helsinki ta Mosko tare da Yuri Orlov, da kuma takwararta ta Yukren, masu sa ido a kan alƙawuran kare haƙƙin ɗan Adam da gwamnati ta sa wa hannu a 1975. A ƙarshen 1977 aka ba shi izinin zuwa Amurka a yi masa tiyata, tare da matarsa Zinaida, wadda ta yi shekaru tana bin ofisoshi da takardun koke a kansa. Yana can, a Fabrairu na 1978, Brezhnev ya sa hannu a dokar da ta raba shi da ƙasarsa.

A Amurka ya yi wani abu da nake ganin ya fi duk jawabansa nauyi. Da kansa ya nemi a sake gwada ƙwaƙwalwarsa, ya kuma amince a bayyana sakamakon ko da bai yi masa daɗi ba. Likitoci irin su Walter Reich da Alan Stone na Jami'ar Harvard da Lawrence Kolb suka yi masa gwaje-gwaje masu zurfi. Sakamakon ya fito a 1979: ba su ga taɓin hankali a tare da shi ba, ba su kuma ga alamar ya taɓa yin sa ba. Abin da likitocin Mosko suka kira taurin kai na cuta, su suka same shi mutum mai sauraron hujja, mai iya amsa kuskurensa na baya.

Ya rasu a New York ranar 21 ga Fabrairu, 1987, yana da shekara 79, aka binne shi a maƙabartar 'yan Yukren da ke jihar New Jersey. Bai ga komawar Tatar gida ba, wadda ta kankama daga 1989. A 1991 wani kwamitin likitocin Sobiyet ya sake buɗe fayil ɗinsa ya soke hukuncin haukan, a 1993 kuma Boris Yeltsin ya mayar masa da muƙaminsa na manjo-janar. Tatar sun kafa mutum-mutuminsa a Simferopol, babban birnin Kirimiya, a 1999. A wannan birni ne, bayan Rasha ta ƙwace yankin a 2014, aka tsare ɗaya daga cikin shugabanninsu, Ilmi Umerov, a asibitin mahaukata cikin Agusta na 2016 don a gwada ƙwaƙwalwarsa, saboda ya faɗa a talabijin cewa Kirimiya ta Yukren ce. Ya yi kimanin mako uku a ciki, likitoci suka ce hankalinsa daidai yake, a shekara mai bi kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 2.